Kina Ƙoƙari, Mu Je Na Gaba

Waɗanda suka daɗe suna bina a shafin nan sun san cikina ba ya riƙe magana. Ku kuma da yau kuka fara leƙowa, ku samu wuri ku zauna, tarihina ba shi da tsawo.

A gidanmu sunana Wutsiya. Baba ne ya raɗa mini tun ina ƙaramar firamare, ranar da ya ɗora yatsa a kan sakamakon ajinmu yana nema na. Ya duba sama bai gan ni ba, ya duba tsakiya bai gan ni ba, sai da yatsan ya kusa faɗowa daga takardar. Hedimasta ne a lokacin, kuma ko da ya yi ritaya bai ajiye jan bironsa ba, yana nan a aljihun gaban rigarsa kullum. Babbar yayata likita ce, yayana injiniya ne. Ni kuwa na yi ta komawa jarrabawar gama sakandare har mai gadin wurin ya fara tarbata da "an dawo?" Da na gaji sai na kama aiki a shagon tabarau, ina goge gilashi, ina lanƙwasa ƙafar firam har ta zauna daidai a kunnen mai ita.

In kun shiga falonmu za ku ga hotuna uku a bango. Yaya Likita da rigar digiri, Yaya Injiniya da rigar digiri, sai ni ina 'yar mitsitsiya riƙe da balan-balan. Umma ta ce wai a wannan na fi kyau.

A shagon na haɗu da Dakta. Ya shigo da tabarau da ya zauna a kai a mota, yana ta ba shi haƙuri kamar mutum ya taka. Na karɓa na ɗumama ƙafar, na lanƙwasa ta hagu fiye da ta dama, na miƙa masa.

"Yaya aka yi kika san ta hagun ce take damuna? Ban faɗa ba."

"Kunnenka na hagu ya ɗan fi na dama sama."

Ya yi dariya har da dafa kantar shagon. Kafin ya fita ya karɓi lambata, ni kuma na ajiye tasa da sunan Mai Karkataccen Kunne. Ba likitan allura ba ne. Masanin halayyar ɗan Adam ne, yana aiki a sashen ƙwaƙwalwa na wani asibiti, amma kowa Dakta yake ce masa, har Baba, wanda ba ya rabon girma a banza.

Ya fara zuwa gidanmu da yamma a ƙarshen mako. Umma takan sa a goge falo har teburin gilashin ya riƙa ɗaukar ido, ta fito da kofunan shayin da ba a taɓawa sai Yaya Likita ta zo da mijinta. Zuwan farko hira ce kawai. Daga baya sai ya fara shigowa da wani ɗan baƙin akwati mai maɗauri, ya ce wasa ya kawo mana don ya lura hirar baki tana ba ni kunya.

A cikin akwatin akwai 'yan tubala na katako masu kusurwa huɗu, wani gefen ja, wani fari, wani kuma rabi ja rabi fari. Sai ya buɗe wani kati mai zane ya ce in jera su su ba da irin zanen. Kafin in fara yakan danna wayarsa ya kife ta a kan teburin. Ni a shirmena na ɗauka kashe ta yake don kada wani ya katse mana hira, har na ba ƙawata labari cewa na samu namijin da yake kife waya saboda ni.

Wata rana lambobi zai karanto ya ce in maimaita su daga ƙarshe zuwa farko. Wata rana ya ce, "Me ya haɗa kogi da titi?" In ce dukkansu hanya ce, ɗaya ta ruwa ɗaya ta mota. Duk abin da na yi, sai ya ɗaga kai ya yi wani ɗan murmushi ya ce:

"Kina ƙoƙari. Mu je na gaba."

Ku da aka saba yabonku ba za ku gane ba. Shekarata ashirin da biyar a gidan nan ban taɓa jin wani ya haɗa ni da kalmar ƙoƙari ba. Duk sanda Baba ya tsaya a kaina da jan biron nan, haruffa rawa suke yi mini, abin da na sani jiya ya gudu ya bar ni. Amma a gaban Dakta hannuna bai taɓa karkarwa ba. Tubalan nan kamar su suke gaya mini inda za su zauna. In ya tafi sai in shiga ɗaki in kwanta ina maimaita maganar a raina kamar waƙa.

Har na taɓa tambayarsa, ina zuba masa shayi, "Wai ku a wajen aikinku me kuke kira basira?"

Ya gyara zama, don an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. "Masanan ma ba su gama faɗa a kai ba. Wasu sun ce abu guda ne, kamar injin mota. In yana da ƙarfi ko'ina zai ja, shi ya sa wanda ya iya lissafi yawanci za ki same shi da saurin gane magana da riƙe abu. Wasu sun ce a'a, iri-iri ce: akwai ta harshe, akwai ta lissafi, akwai ta hannu, akwai ta iya zama da mutane. Wasu kuma suka raba ta biyu, wadda mutum yake warware abin da bai taɓa gani ba da ita, da wadda ya tara daga karatu da shekaru."

"Kai wanne ka ɗauka?"

"Ni na yarda da abin da za a iya aunawa."

Na ce masa "to, Malam," na ƙara masa sukari. In da ina da irin basirar zama da mutanen da ya ambata, da a nan na ajiye cokalin.

Ranar da akwatin ya daina zuwa, ranar ce ya ce yana sona. Ya turo da saƙo bayan ya tafi: "Na gama tunani. Ke nake so, kuma aure nake nufi." Na karanta na sake karantawa har wayar ta yi zafi a hannuna. Ba a jima ba ya kai ni gaida mahaifiyarsa, wadda suke kira Mami. Na tafi ina ɗari-ɗari, don ƙanwarsa ta taɓa tsegunta mini cewa Mami ba ta shiri da wanda bai yi jami'a ba. Sai ga mata ta taso ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita.

"Ashe ke ce. Ai na ji komai, 'yata. Kin wanke kanki."

Ban gane wankin me na yi ba. Na sunkuyar da kai na ce na gode.

Yanzu ga abin da ya faru a makon nan. Sabon tabarau da ya ba da a yi masa ya iso shagonmu, sai na ce bari in kai masa asibiti da kaina lokacin hutun rana, in ba shi mamaki. Na sa doguwar rigata shuɗiya mai ƙananan maɓallai a hannu, wadda ya taɓa cewa ta yi mini kyau, na yafa farin mayafi, na nannaɗe gidan tabarau ɗin da ɗan ƙyalle kamar wata babbar kyauta.

Nas ɗin da ke bakin sashen ta ce yana tare da mara lafiya, in jira. Na zauna a benci kusa da wata mata mai riƙe da sandar tafiya da hular wani. Ƙofar ofishin ba ta rufu duka ba, kuma akwai gilashi a samanta.

"Babana ne a ciki," matar ta ce ba tare da na tambaya ba. "Hatsarin mota ya yi, kansa ya bugu. Yau za a gwada a ga nawa ne ya dawo a ƙwaƙwalwar."

Na ce Allah ya ba shi lafiya, na ɗaga ido.

Baƙin akwatin yana buɗe a kan tebur. Tubalan ja da fari suna gaban wani dattijo mai tabon ɗinki a gefen kai. Dakta ya buɗe kati, ya danna wayarsa, ya kife ta. Na san katin. Shi ne mai kama da ƙafar fanka, wanda na jera ranar da aka ɗauke wuta muka matsa kusa da taga. Dattijon ya yi ta juya tubalan da yatsu masu rawa, daga ƙarshe ya tura su gaba. Ko daga inda nake ina ganin bai yi daidai ba, jan ya koma inda farin ya kamata ya zauna.

Dakta ya juya wayar ya duba, ya rubuta wani abu, ya ɗaga kai ya yi murmushin nan nawa.

"Kana ƙoƙari, Baba. Mu je na gaba."

Muryar ɗaya ce, ko saukar numfashin bai canza ba. Ashe maganar ba yabo ba ce. Abin da ake faɗa wa kowa ne, wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure, don kada a karya masa gwiwa kafin a gama awo. Ashe wayar da ake kifewa saboda ni agogo ce take ƙirga mini lokaci. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba ko a ɗakin jarrabawa, don a can aƙalla na san jarrabawa nake.

Na miƙa wa nas ɗin tabarau na fito. Ban kai bakin titi ba saƙonsa ya shigo.

"Kin zo? Me ya sa ba ki jira ni ba?"

Na rubuta: "Nawa na ci?"

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Sai kira. Na ƙi ɗauka.

"Don Allah bari in zo in yi miki bayani."

"Nawa na ci?"

Da ƙyar amsar ta zo. "128. Matsakaicin mutane 100 ne. A cikin mutum ɗari, uku ne kawai za su iya shan gabanki. Abin alfahari ne, wallahi."

Na koma shago na gama aikin ranar. Na goge gilasai, na yi wa wata tsohuwa murmushi, na ɗaure wa wani yaron makaranta igiya a firam. Mai shago ya ce yau na yi shiru, na ce kaina ne yake ciwo.

Da na isa gida da yamma na tarar da Baba a falo, Umma tana tsaye a bakin labule. Dakta ya riga ni. Da ya ga na ƙi ɗaukar waya sai ya kira Baba ya zayyana masa komai, har da lambar, don a tausa ni. Baba ya nuna mini kujerar da ke gabansa, wadda Yaya Injiniya yake zama in ana shawara.

"Ashe kina da kai."

Wallahi na jira. Na ɗauka zai ce "na zalunce ki," ko ya ce "ban sani ba." Ko da rabin haka ne da na karɓa.

Ya zaro jan biron yana buga shi a tafin hannu. "Ni duk shekarun nan ina yi miki uzuri, ina cewa haka Allah ya yi ki. Ashe lalaci ne. Kina da abin da ya fi na 'yan'uwanki kika zauna kina ba ni kunya a gaban malaman da nake shugabanta."

Kun ji. Da ni daƙiƙiya ce abar tausayi, yanzu na samu ƙarin girma na zama malalaciya.

Umma ta biyo ni ɗaki ta zauna a bakin gado tana gyara zanin gadon da ba abin da ya same shi.

"Ke dai ki gode wa Allah. Auna ki ya yi, ba zagin ki ya yi ba. Ko yadi za a saya ai sai an auna."

"Umma, ni yadi ce?"

"Kada ki juya mini magana. Wa ya taɓa zuwa gidan nan saboda ke mai irin matsayinsa? Uwarsa ta yarda, ubanki ya yarda, kin ci abin da aka gwada ki. Sai ki tsaya kina fushi da nasara? Wanda ya ƙi sharar masallaci ai ya yi ta kasuwa."

Yaya Likita kuwa saƙon murya ta turo. Ta fara da faɗa, wai abin da ya yi ya saɓa ƙa'idar aiki, ba a gwada mutum sai da saninsa da yardarsa, kuma ba a kai sakamakon wani wurin wani. Har na fara jin sanyi a raina, na ce yau 'yar'uwata ta tsaya mini. Sai ta ƙarasa da cewa, "Amma dai, Wutsiya, ɗari da ashirin da takwas? Anya ya haɗa lissafin daidai kuwa?"

Washegari da yamma Dakta ya zo. Babu akwati, sai sabon tabarau a fuskarsa, ya zauna masa ɗas, don ni na gyara ƙafar hagun kafin in kai. Ban canza kaya ba, da rigar aikin shago na fito. Umma ta aiko da shayi a kofunan baƙi, na bar tiren inda aka ajiye shi. Ina jin motsin takalmin Baba a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida.

"Na yi kuskure da ban gaya miki ba," ya fara. "Amma ki saurare ni. Mami ta yi bincike, aka gaya mata sunan da ake kiranki da shi da zancen jarrabawa. Ta ce ba za ta yi jikoki daƙiƙai ba, wai ɗa ƙwaƙwalwar uwa yake ɗauka. Na gaya mata abin ba haka yake kai tsaye ba, akwai gado, akwai tarbiyya, akwai makaranta. Ta ce ba ta son surutu. To me zan kai mata? Lamba ce kawai ba a musu da ita. Kare ki na yi."

"A ƙa'idarku, mutum yana auna wadda yake so?"

"A'a. Ba a yi. Son yana iya shiga cikin makin."

"To ka ga. Ko dai awon ya lalace, ko kuma lokacin babu son. Wanne ne?"

"Ba haka ake kallon abin ba."

"Saƙonka yana nan a wayata. 'Na gama tunani.' Ranar da ka gama haɗa makin ke nan, ko?"

Bai musa ba. Wannan halin nasa ne, ba ya iya ƙarya in an tambaye shi kai tsaye, kuma da ina ganin abin burgewa ne.

"Lambar nan da kuke murna da ita ba tawa ba ce," na ce masa. "Ta wata yarinya ce da take jera katakai tana tsammanin ana sonta. Da ka ce mini jarrabawa ce, da hannuna ya yi rawa kamar na dattijon jiya, da ka samu Wutsiyar da Baba ya sani."

"Wannan ma ai shaida ce cewa matsalarki tsoro ne, ba..."

"Kada ka yi mini bayanin kaina, Dakta. Ni ma ina da tambaya guda."

Na ɗauko wayata, na danna agogo a gabansa yana kallo, na kife ta a kan teburin gilashin.

"Da tamanin ta fito, da ka turo mini saƙon nan?"

"Na san ba za ta fito haka ba. Tun ranar kunnen nan na..."

"In ka sani, da ba ka auna ba. Da tamanin ta fito, da ka turo?"

Ya cire tabarau ya fara goge shi da gefen riga, abin da na sha hana shi don yana kankare gilashi. Ya mayar. Ya kalli kofin shayi, ya kalli hoton balan-balan ɗina a bango. Ni kuwa ina zaune ina roƙon Allah a zuci ya sa mutumin nan ya yi mini ƙarya sau ɗaya a rayuwarsa. Da ya ce "e" da sauri, ko ban yarda ba da na riƙe ta, don ina sonsa, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Tururin shayin ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

"Ban sani ba," ya ce a hankali.

Na juya wayar na tsayar da agogon. Ban duba abin da ya nuna ba. Na ɗaga kai na yi masa murmushin da na koya a wurinsa.

"Kana ƙoƙari."

Ya zuba mini ido yana jiran sauran maganar. Ya fi kowa sanin abin da yake biyo baya, kuma ya ga ban faɗa ba.

Sai ƙofar ciki ta buɗe. Baba ya shigo da wayarsa a hannu, ya rufe bakinta da tafinsa, fuskarsa a sake kamar ranar da Yaya Likita ta gama karatu. Ya kira ni da sunana na gaskiya, sunan da rabon da in ji shi a bakinsa tun kafin in san haruffa. Sai da na waiga in ga ko da wata yake.

"Kawun Dakta ne a kan layi. Suna so su zo a tsayar da magana. Me zan ce musu?"

Umma ta leƙo ta bayan kafaɗarsa tana yi mini alama da ido. Dakta ya sunkuyar da kai. Jan biron yana nan a aljihun Baba, daidai saitin idona, kuma a karon farko na kalle shi hannuna bai yi rawa ba.

"Baba, ai ka san ni," na ce. "Ban taɓa kawo maka amsar da kake so ba."

Daga cikin wayar muryar kawun tana ta cewa, "Hedimasta, kana ji na? Hedimasta?" Baba bai cire tafinsa daga bakinta ba.